Ina Gidan Wanda Ya Bar Ƙafarsa A Bakin Daga?

Kowace shekara, ran 15 ga watan Janairu, hankalin ƙasar nan yakan koma kan dandalin da ke daura da Majalisar Tarayya a Abuja, inda aka kafa alamar tunawa da sojan da ba a san sunansa ba. Shugaban Ƙasa da mataimakinsa da shugabannin majalisu da manyan hafsoshi sukan fito ɗaya bayan ɗaya su ajiye furanni, a busa begila, a harba bindigogi, sa'an nan a saki fararen tattabaru su tashi sama. A jihohi ma gwamnoni sukan yi haka nan. An zaɓi wannan rana ce domin a cikinta yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Kafin nan ran 11 ga Nuwamba ake yin bikin, kamar yadda ake yi a Ingila da ƙasashen da ta raina. Makonni kafin ranar kuma akan ƙaddamar da bajon tunawa da 'yan mazan jiya, manya su yi alkawarin kuɗi, jama'a su tafa.

Biki ne mai kyau, ba ni da ja a kansa. Amma fa tattabarun nan da ake saki, kafin magariba kowacce ta sami inda za ta kwana. Tambayar da na zo da ita a filinmu na wannan mako ita ce: shi sojan da ya dawo daga bakin daga da ƙafa ɗaya, ko ba idanu, ko a kan keken guragu, ina shi zai kwana, shi da matarsa da 'ya'yansa, bayan an naɗe dardumai an kwashe kujeru?

Abin da ya tayar mini da wannan magana kuwa wata ziyara ce da na kai kwanakin baya. Wani abokin aikina ne ya yi mini jagora zuwa wata unguwa da ke gaba da Mararaba a kan hanyar Keffi, irin unguwannin nan da ƙananan ma'aikatan Abuja ke kwana a cikinsu, su yi sammako su shiga birni. Can muka iske wani tsohon kofur, wanda na yi wa alkawarin ba zan ambaci sunansa ba. Na ce tsoho ne don ya bar aiki, amma a shekaru sa'ana ne, bai kai arba'in ba. Motarsu ce ta taka nakiya a wani daji na Arewa maso Gabas. Abokan tafiyarsa biyu nan take suka cika, shi kuwa ya farka a asibiti ya tarar babu ƙafar dama daga gwiwa, ta hagun ma ba ta ɗaukarsa sosai.

Ciki da falo yake haya a wani gida da ya tara magidanta shida. Matakala uku ce tsakanin tsakar gida da ƙofar ɗakinsa, makewayi kuwa guda ɗaya ne, na tsugune, can ƙarshen gida. Da damina tsakar gidan taɓo take zama, keken guragu ba ya motsi a ciki. Bayan mun gaisa, uwargidansa ta kawo mana ruwa, sai na tambaye shi abin da ya fi damunsa, ina tsammani zai ce ƙafa. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ƙafa ai ta tafi, na kuwa yafe wa ƙasa. Abin da ke hana ni barci watan Maris ne. A cikinsa haya ke ƙarewa, mai gida kuma ya aiko cewa ya yi ƙari, na shekara guda yake so a dunƙule."

Na ce, "Yallaɓai, ashe ba a biya ka haƙƙinka ba ne?" Ya ce an biya, fansho ma yana shigowa. Amma garatutin, kafin ya ankara, magani da ƙafar roba da kuɗin makarantar yara da hayar shekara biyu sun lashe mafi yawansa. Ɗan abin da ya saura ya sayi fuloti da shi a bayan gari, ga shi can ciyawa ta rufe, ko bulo ɗaya bai iya ɗorawa ba. Muna cikin haka sai uwargidan, wadda tun ɗazu ba ta ce uffan ba, ta ce daga bakin ƙofa, "Ni nake kai shi bayan gida tun kafin kiran assalatu, kada mutanen gida su tashi su gan shi a haka." Kofur ya sunkuyar da kai. Ni ma na rasa abin faɗa, na rufe littafina.

Mai karatu, wannan al'amari ya daɗe tare da mu. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban samarin ƙasar nan, da yawansu daga Arewa, sun yi yaƙi a Habasha da Somaliya, daga baya kuma a dazukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sunayen wuraren da suka yi gumurzu har yau suna nan a kan barikokinmu: Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Dodan da Arakan a Ikko, Mogadishu a nan Abuja. Mun adana sunayen filayen daga, amma wa ya adana labarin inda waɗanda suka dawo da rauni suka ƙare rayuwarsu? Dattawan kowace unguwa suna iya tuna wani ɗan mazan jiya da ya tsufa yana gadi a ƙofar kanti ko ofis, lambobin yabonsa a ƙunshe cikin tsumma.

Cikin 1964 aka kafa Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya bisa doka, domin kula da jin daɗin tsofaffin sojoji da iyalan waɗanda suka rasu. Shekara uku bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke. Sojan da bai wuce mutum 10,000 ba kafin 1967 ya kai wajen 250,000 a lokacin da yaƙin ya ƙare, naƙasassu kuwa a ɓangarorin biyu Allah kaɗai ya san iyakarsu. Cibiyar Oshodi da ke Ikko, wadda tun asali aka tanada domin sojojin da suka naƙasa, ta karɓi wasu ta koya musu sana'a. A can Gabas kuwa, naƙasassun tsohon sojan Biyafara da aka tsugunar a Oji River sun shafe shekaru aru-aru suna jeruwa a bakin hanyar Inugu zuwa Onica bisa kekunansu, suna jiran sadakar matafiya. Daga 1990 sojojinmu suka shiga Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, sa'an nan Saliyo. Daga 2009 kuma rikicin Boko Haram ya buɗe sabon babi, ga na 'yan bindigar daji a Arewa maso Yamma ya biyo baya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar mana guragu da makafi da gwauraye da marayu.

Akwai wani abu game da rayuwar soja da farar hula bai cika lura da shi ba. Ɗakin bariki na aiki ne. Ranar da aiki ya ƙare, ko ta hanyar ritaya, ko sallama saboda rashin lafiya, ko mutuwa, akan ba iyali wa'adi su tashi, domin wani sojan yana jiran ɗakin. Malamin makaranta ko ɗan kasuwa yana zaune a gari ɗaya, ya sayi fili, ya riƙa aza bulo sannu a hankali har ya rufa. Soja kuwa bana yana Maiduguri, baɗi yana Warri, baɗin baɗaɗa a tura shi wata ƙasa aikin kiyaye zaman lafiya. Wanda ya cika shekarunsa na aiki lafiya yana da lokacin shiri. Wanda nakiya ta tashi da shi yana ɗan shekara ashirin da takwas, aiki da lafiya da muhalli gaba ɗaya suke kuɓuce masa.

In kuwa a Abuja abin ya same shi, to, wahalar ta ninka. Tun da aka ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya cikin 1976, gwamnati kuma ta taso daga Ikko ran 12 ga Disamba, 1991, ƙasar wannan yanki duk a hannun Gwamnatin Tarayya take, Minista ne ke ba da fili. Talaka ba ya jin ƙanshin takardar mallaka a cikin birni, saboda haka yake gangarawa Nyanya da Karu da Kubwa da Zuba, ko ya tsallaka Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Suleja a Jihar Neja. Me ya sa naƙasasshen soja ba zai koma garinsu ba? Na yi wa kofur wannan tambaya. Ya ce asibitin da ke duba shi yana nan, mai gyara ƙafar roba yana nan, ofishin fansho yana nan, yara kuma sun saba da makarantarsu. A ƙauyensu kuwa mutanen da ya yaƙa sun san fuskarsa.

Yanzu bari mu duba abin da ke akwai, domin yabon gwani ya zama dole, kuma ba adalci ba ne a ce ba a yi kome ba. Hukumar Fansho ta Soja tana nan a Dutsen Alhaji. Cikin 2011 aka gyara dokar fansho ta 2004, aka fitar da soja daga tsarin nan na adashen gata, watau gwamnati ce ke ɗauke da fanshonsu kai tsaye. Ko da yake haka, mun ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a watan Janairun 2025 suna neman a biya su basussukan da suke bi. Sojan ƙasa yana da kamfaninsa na gina gidaje, PHDL, wanda ya gina rukunin gidaje a Kurudu da wasu wurare domin mazauni bayan barin aiki. A 'yan shekarun nan kuma aka fito da shirin AHOOAS, wanda manufarsa ita ce ƙaramin soja ma ya mallaki gida cikin rangwame. Rukunin farko yana Idu a nan Abuja, an kuma yi wani a Badun. Hukumar sojan ta sanar cewa cikin kowane gida ɗari na wannan shiri, biyar kyauta za a ba waɗanda suka naƙasa a fagen fama. Ƙungiyoyin matan hafsoshi su ma suna ƙoƙari wajen tallafa wa gwauraye da marayu.

Har wa yau, ran 14 ga Maris, 2024, aka kashe sojoji 17 a ƙauyen Okuama na Jihar Delta. Ranar jana'izarsu a Maƙabartar Soja ta Ƙasa da ke kan hanyar filin jirgin saman Abuja, ran 27 ga watan, Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya bayyana cewa mamatan sun bar gwauraye 10, uku daga cikinsu da juna biyu, da marayu 21. Shugaba Bola Tinubu ya yi alkawarin ba kowane iyali gida a duk inda suka zaɓa a ƙasar nan, da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu. Wannan abu ya yi daidai. Sai dai alkawari ne da aka yi a kan mutum 17 waɗanda mutuwarsu ta girgiza ƙasa. Sojan da aka harbe shi kaɗai a kan hanyar Damboa, wanda ba a nuna jana'izarsa a talabijin ba, jininsa bai fi nasu araha ba. Abin da ya dogara ga tausayin shugaba a ranar makoki, wani zai samu wani ya rasa. Abin da doka ta rubuta shi ne kowa zai iya tsayawa ya nema da ƙarfin gwiwa.

To, sai batun bashin gina gida, wanda wasu ke ganin shi ne mafita. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda aka kafa cikin 1977 a kan harsashin wata ƙungiyar gine-gine ta 1956, shi ke riƙe da Asusun Gidaje na Ƙasa da doka ta 3 ta 1992 ta ƙirƙiro. Ana yankar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci kowane wata, shi kuma ya sami damar karɓar rance a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya a hankali har zuwa shekara 30. In an gwada da bankunan kasuwa, waɗanda ruwansu ya haura kashi 20, wannan rangwame ne babba.

Amma mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi. A ce kofur ɗinmu ya karɓi Naira miliyan 10, zai biya cikin shekara 20 a kan kashi 6. Abin da zai riƙa biya kowane wata ya kai wajen Naira 71,600. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin 2024 kuwa Naira 70,000 ne. Ƙa'idar masu ba da irin wannan rance ita ce kada biyan ya wuce sulusin abin da mutum ke samu, watau sai wanda ke samun sama da Naira 200,000 a wata ne za a saurara. Sa'an nan a nemi takardar mallakar fili wadda banki zai riƙe jingina, alhali kuwa fulotin bayan gari da aka saya a hannun dillali ba shi da ita. Daɗin daɗawa, tun da buhun siminti ya haura Naira 10,000 a farkon 2024, wane irin gida miliyan goma za ta tsayar a kewayen Abuja? Ga kuma Musulmin da zuciyarsa ba ta natsu da bashi mai ruwa ba ko da kashi ɗaya ne. An tsara wannan rance ne domin mai lafiya, mai albashi, mai sauran shekarun aiki a gaba. Wanda ya rasa duk ukun, nuna masa ƙofar banki daidai yake da nuna wa mai ƙishirwa rijiya ba guga.

Yaya wasu ƙasashe suka yi da nasu? A Faransa, Sarki Luwis na 14 ya ba da umurni cikin 1670 a gina katafaren gida a Faris domin sojojinsa da suka naƙasa ko suka tsufa. Sarki Cales na 2 na Ingila ya bi sahu a Chelsea cikin 1682, har yau kuwa tsofaffin sojoji suna zaune a wurin. A tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, cikin 1916, wani attajiri mai gidajen wasan kwaikwayo, Oswald Stoll, ya kafa gidauniyar samar wa naƙasassun sojoji gidaje a London, tana nan tana aiki bayan fiye da shekara ɗari. A Amurka, dokar da aka yi cikin 1944 ta sa gwamnati ta tsaya wa tsohon soja a gaban banki in zai sayi gida, ba sai ya ajiye kuɗin kafin alƙalami ba. Cikin 1948 kuma suka ƙara da wani tallafi na musamman, wanda ba rance ba ne, domin gina ko gyara gida ya dace da mai keken guragu.

Jama'ar gari ma ba su bar wa gwamnati aikin ita kaɗai ba. Ƙungiyar Homes For Our Troops, wadda aka kafa cikin 2004, ta gina ɗaruruwan gidaje ta miƙa wa sojojin da suka sami munanan raunuka, ba tare da bashin ko sisi a kansu ba. Gidauniyar Tunnel to Towers, wadda dangin wani ɗan kwana-kwana, Stephen Siller, suka kafa bayan ya rasu a harin 11 ga Satumba, 2001, takan biya wa iyalan mamata ragowar bashin gidansu, don kada a haɗa musu maraici da tashin gida. Ban kawo waɗannan misalai don in ce can aljanna ce ba. Ƙidayar da gwamnatin Amurka ta yi cikin 2024 ta sami tsofaffin sojoji fiye da 30,000 da ba su da muhalli. Darasin da ke ciki shi ne sun mai da abin doka da tsari, ana kuma ƙirga waɗanda suka saura don a san girman aikin.

Mu ma fa ba baƙi ba ne ga wannan hanya. Littattafan hadisi sun kawo yadda Sayyidina Umar ya sami gona mai daraja a Haibara, aka shawarce shi ya tsare asalinta ya sadaukar da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Wannan shi ne waƙafi, ko hubusi. Jihohi kamar Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi. 'Yan'uwanmu Kirista su ma coci-cocinsu sun daɗe suna gina asibitoci da gidajen marayu. A gargajiyance kuwa, wane Bahaushe ne bai san aikin gayya ba, inda samarin gari ke taruwa su yi wa tsoho ko mara lafiya yaɓe da jinka a yini guda? Attajiranmu suna gina masallatai ƙofa da ƙofa, suna kai mutane Umra jirgi guda, Allah ya saka musu. Amma attajirin da dukiyarsa ke bin hanyar Kaduna zuwa Abuja lafiya saboda wani yaro yana tsaye da bindiga cikin rana da ruwa, shin ya taɓa tambayar inda yaron nan zai zauna in aka dawo da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya?

Saboda haka ga 'yan shawarwarina ga waɗanda abin ya shafa.

Da farko, a ƙirga su. Ma'aikatar Tsaro ta tattara cikakken lissafin sojojin ƙasa da na ruwa da na sama da aka sallama saboda naƙasa, da iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki, jiha jiha, ta bayyana adadin ga Majalisa kowace shekara. Ba a yanka wa mutum riga ba a gwada shi ba.

Na biyu, Majalisar Tarayya ta mai da gidan naƙasasshen soja haƙƙi a cikin doka. Likitocin soja sun riga sun san yadda ake auna girman naƙasa. Wanda tasa ta kai wani mizani a ba shi gida kyauta. Wanda bai kai ba a ba shi tallafin gyara nasa. Wanda yake cikin biyan bashin gida rauni ko ajali ya same shi a bakin aiki, a shafe ragowar, gwamnati ta ɗauki nauyin inshorar, tun da yake kamfanonin inshora na kasuwa sukan tsame haɗarin yaƙi daga abin da suke biya.

Na uku, fili. Ministan Babban Birnin Tarayya da gwamnoni, waɗanda dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa wa filayen jihohinsu, su ware kaso a cikin kowane sabon shimfiɗin fulotai, da takardar mallaka a hannu, ba tare da kuɗin rajista ba. Kada kuma a kai su can ƙurmus inda babu ruwa babu asibiti. A cakuɗa su da jama'a, kusa da hanya da makaranta, don kada mu sake gina wani Oji River.

Na huɗu, a gina gidan da mai shi zai iya zama a ciki. Ƙofa mai faɗin da keke zai wuce, gangare a maimakon matakala, makewayi na zama a cikin ɗaki da ƙarfen dafawa a bango, famfo da makunnin lantarki daidai hannun wanda ke zaune. In tun daga zane aka sa waɗannan, kuɗin da suke ƙarawa kaɗan ne. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. Abin kunya ne a miƙa wa gurgu makullin ɗaki a hawa na biyu.

Na biyar, a kafa waƙafin gidajen 'yan mazan jiya, da amintattu daga sarakuna da malamai da limaman coci da 'yan kasuwa da su kansu tsofaffin sojojin, mata a cikinsu. Duk abin da aka tara, har da na ranar ƙaddamar da bajo, a buga lissafinsa a jaridu: nawa aka yi alkawari, nawa ya shigo, gida nawa aka gina, a ina. Mutanenmu ba marowata ba ne. Abin da ya sa hannunsu ya noƙe shi ne sun sha ba da gudummawa su ji shiru. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki cikin 2012, suna iya shigowa da tsarin haya har a mallaka ga waɗanda ke da ɗan ƙarfin biya.

Na shida, a kare matar da yaran. Sau nawa muka ji an biya haƙƙin mamaci, dangi sun yi watanda da shi, an bar mai takaba da marayu a titi? Gidan waƙafi ya fi ƙarfin mai sayarwa da mai rabon gado, iyali su zauna a ciki har yara su kawo ƙarfi. Wanda aka ba da shi mallaka kuwa, a rubuta sunayen masu haƙƙi ɓaro-ɓaro tun ranar miƙa makulli.

Na san wani zai ce, to, 'yan sanda fa? 'Yan sa-kai na Borno fa, da miliyoyin 'yan gudun hijira da ke kwana a tantuna? Gaskiya ne, dukansu suna da haƙƙi, kuma in wannan tsari ya kafu babu abin da zai hana a faɗaɗa shi. Amma yawan mabukata bai taɓa zama hujjar ƙin biyan bashi ba. Shi soja mu muka ɗauke shi lafiyayye, likita ya duba shi daga kai har ƙafa kafin a ba shi kaki, muka aike shi inda mu ba za mu iya zuwa ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wani kuma zai ce babu kuɗi. Ƙasar da ke gina wa manyan jami'anta gidajen alfarma a Maitama da Asokoro ba za ta rasa kuɗin ciki da falo da makewayi ba.

Akwai kuma maganar tsaron kanmu. Kurtun da ke Depot a Zariya yau yana da idanu. Yana ganin yadda wanda ya riga shi ya ƙare. In ya ga kofur yana rarrafe zuwa makewayin haya da duhun asuba, da wace zuciya zai tunkari nakiya gobe? Cikin watan Satumban 2023 Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga wasannin Invictus na sojojin da suka ji rauni, a birnin Dusseldorf na Jamus, inda Peacemaker Azuegbulam, wanda ya rasa ƙafa a yaƙin Arewa maso Gabas, ya ciyo lambar zinariya a ɗaga nauyi. A watan Mayun 2024 Yarima Harry ya zo har asibitin soja na 44 da ke Kaduna ya gaida masu jinya. Waɗannan mutane sun nuna cewa naƙasa ba kasawa ba ce. Amma kafin mutum ya yi wasa, ko ya koyi ɗinki, ko ya buɗe shago, sai ya san inda zai kwana ba tare da fargabar sallamar mai gida ba.

Da za mu tashi, kofur ya dage sai ya raka mu. Ya dogara sanda, uwargidan ta riƙe masa kafaɗa, ya sauko matakalar nan uku ɗaya bayan ɗaya, gumi na keto masa. A bakin zaure ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, in ka rubuta, kada ka ce bara nake yi. Ka ce musu kawai fulotin yana nan, ni ma ina nan." Ga shi na isar da saƙo. Watan Maris kuwa ba ya jiran kowa.

Allah ya jiƙan mazajen da suka kwanta dama, ya ba masu rauni lafiya da haƙuri, ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.